Shanyewar ɓarin jiki: daga awar farko zuwa jinya a gida

Abban Sadiq: Assalamu alaikum. 'Yan uwa, yau za mu taɓa batun da muka ɗage, tunda ma'aikatan lafiyarmu suna kusa. Tambayar da aka fi turowa ita ce: mutum ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu ya saki, me za a yi masa a gida kafin a kai shi asibiti? Dakta Hadiza, bismillah.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin yi a gida kaɗan ne, abin bari shi ne mai yawa. A fara tabbatar da abin da ake gani. A ce ya yashe haƙora, gefe ɗaya na bakin zai ƙi tashi. A ce ya miƙe hannuwa biyu gaba, tafi na kallon sama, ya rufe ido a ƙirga goma. Hannun da abin ya taɓa zai riƙa sauka ko yana kifewa. Sai magana, kuma a nan ake yawan ruɗuwa. Kada a gwada shi da Fatiha ko kalmar shahada, domin abin da harshe ya haddace yakan fito tsaf ko da cibiyar magana ta taɓu. A nuna masa cokali ko agogo a ce mene ne wannan. In ya kasa, ko ya kira shi da wani suna, ko harshen ya yi nauyi, alama ce. Ɗaya daga cikin ukun nan ta isa a nemi mota.

A duba agogo nan take. Lokacin da likita zai tambaya shi ne na ƙarshe da aka gan shi lafiya lau. In da asuba aka tarar da shi haka, kuma rabon da a gan shi tun bayan isha'i, to daga isha'i ake lissafi. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta wuyan riga, a kwashe duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, wanda ya ga faruwar abin ya bi motar.

Sista Rabi: Dakta, bari in ja layi a kan abin bari. Kada a sa masa komai a baki. Ruwa, zamzam, rubutu, zuma, man habbatus sauda, ƙwayar magani, duka. Kusan rabin masu wannan ciwo haɗiya tana lalace musu a kwanakin farko, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu. Abin tsoron ma, wasu ko tari ba sa yi, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe su, ƙirji ya cika. Wannan ciwon huhun yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su a makon farko. Mai son yin tofi ya tofa ya shafa masa a jiki, a cikin mota, ana tafiya.

Malam Lawal Rigasa: Ni fa ina da ja. Kullum ana cewa a yi sauri saboda allurar narkar da gudan jini, wadda ba a yin ta bayan awa huɗu da rabi. To allurar nan ba ko'ina take ba, kuma kuɗinta ba na talaka ba ne. Mutum yana can cikin Rigasa ƙarfe biyun dare, kafin a samu mota, a isa gari, a yanki kati, a biya kuɗin hoto, lokaci ya wuce. Mene ne amfanin gudun? Ba gara a bari gari ya waye ba?

Dakta Hadiza: Malam Lawal, batun allurar gaskiyarka ne, kaɗan ne suke samun ta a ƙasar nan. Amma ko an cire ta daga lissafi, dalilan gaggawa suna nan. Faɗuwar suga tana kwaikwayon wannan ciwo sak, har da mutuwar gefe ɗaya da nauyin harshe, musamman ga tsoho mai shan maganin suga glibenclamide da bai ci abinci ba. In na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70, ruwan suga ta jijiya yakan tashe shi cikin mintoci. In aka bar shi har safe, ƙwaƙwalwa na iya lalacewa har abada.

Sannan ciwon iri biyu ne. Kamar bututun ruwa ne, ko ya toshe ko ya fashe. Daga waje ba mai iya bambance su da tabbas, sai hoton ƙwaƙwalwa na CT, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. A ƙasashen Turawa fashewa ba ta da yawa, amma binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, wanda asibitocin koyarwa na Zariya da Kano suke ciki, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon a wajenmu fashewar jijiya ce. Mai zubar jini a ƙwaƙwalwa, awannin farko ne jinin yake ƙaruwa, a lokacin ne sauke hawan jini cikin tsari yake da amfani. Ga zazzaɓi, ga farfaɗiya, ga amai da zai iya shaƙe shi. Duk ba a jira da su.

Dakta Yusuf: In ƙara kan batun inda za a nufa. Kada a ɓata awa guda a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa ana ƙarin ruwa. A nufi babban asibiti kai tsaye, irin su Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44 a nan Kaduna, na wajen Zariya kuma asibitin koyarwa na Shika. Tun ana hanya wani ya riƙa tambaya a waya ina ne na'urar CT take aiki a daren, saboda na'ura takan tsaya, kuma yawo da mara lafiya daga wannan ƙofa zuwa waccan shi ke cinye lokacin.

Malam Sani Famasi: Kurakurai biyu da suke fitowa daga ɓangarenmu na masu magani, gara a faɗe su ƙarara. Na farko asfirin. Mutane sun ji ana ba mai ciwon zuciya, sai su tura wa wannan. In jijiya ce ta fashe, an ƙara wa jinin gudu ke nan. Sai hoto ya nuna babu zubar jini likita zai ba da shi, yawanci miligiram 300 a farko, daga baya 75 kullum. Na biyu, a auna jini a ga 200, hankali ya tashi, a fasa ƙwayar hawan jini ta nifedipine a sa a ƙarƙashin harshe. Wannan ɗabi'a an daɗe da hana ta.

Abban Sadiq: To ai jinin ne ya hau ya jawo abin. Me ya sa sauke shi zai zama laifi?

Dakta Yusuf: Saboda in toshewa ce, Alhaji, akwai yankin da ya riga ya mutu, akwai kuma yanki a kewayensa da yake raye da ƙyar, yana samun ɗan jini ta ƙananan jijiyoyin gefe. Jiki da kansa yake ɗaga matsin jinin don ya tura shi can. Ka faɗar da shi farat ɗaya, ka kashe wannan yankin. Shi ya sa a kwana ɗaya zuwa biyu na farko ba a cika taɓa shi ba sai ya haura 220 bisa 120, ko kuma zuciya ko ƙoda suna cikin haɗari, kuma ko an taɓa a hankali ake saukewa. In fashewa ce lissafin ya juya, ana neman na sama ya dawo wajen 140. Ka ga ba a yanke wannan hukunci a tsakar gida.

Maman Ilham: Likitoci, don Allah, in abin ya zo ya wuce fa? Hannu ya mutu, magana ta sarƙe, bayan minti goma mutum ya ware kamar ba shi ba. Mutane cewa suke iska ce ta buge shi.

Dakta Hadiza: Hajiya, wannan shi ne wanda ya fi cancanta a ruga da shi, domin shi bai rasa komai ba tukuna. Gudan jini ne ya toshe ya kuma wuce, kuma haɗarin babban ya fi yawa a kwana biyun da ke biye. A je a ranar. Za a yi hoto, a auna suga da kitsen jini, a yi gwajin bugun zuciya. Sau da yawa ana haɗa masa magungunan hana gudan jini biyu, asfirin da clopidogrel, na mako uku, sannan a bar shi kan ɗaya.

Akwai alamun da gwajin fuska da hannu ba ya kamawa: jiri mai tsanani farat ɗaya da tangaɗi, ganin abu biyu, ɗaukewar gani a ido ɗaya ko rabin abin da ake kallo, da ciwon kai da ya sauko lokaci guda wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba. Karkacewar baki kuma ba kullum ce daga ƙwaƙwalwa ba. In jijiyar fuska ce kawai ta kumbura, goshin gefen ba ya tattarewa, gira ba ta ɗaguwa, ido ba ya rufuwa. In daga ƙwaƙwalwa ne, galibi goshi yana aiki, ƙasan fuska ne ya saki. Amma wannan aikin likita ne, ba dalilin zama a gida ba.

Malam Lawal Rigasa: Na karɓi wannan. To mu koma tushe. Ana cewa tunani da damuwa ne ke kawo shi.

Dakta Yusuf: Damuwa tana da nata kaso, amma an ɗora mata laifin da ya fi ƙarfinta. A binciken SIREN da Dakta Hadiza ta ambata, hawan jini ne ya yi wa sauran dalilai fintinkau, nesa ba kusa ba; sai kitsen jini, ciwon suga, ƙiba ta ciki, yawan cin nama, ƙarancin ganye, barbaɗa gishiri a kan abinci, taba. Hawan jini kuwa ba ya ciwo. Masu cewa suna gane nasu ya hau in ƙeya ta yi nauyi, yaudarar kai ce, akwai mai yawo da 180 yana jin garau.

Aunawa ma tana da ƙa'ida. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba hira, ba bayan shan shayi ko cin goro ba. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Mai kaurin damtse in aka ɗaura masa ƙaramin maɗauri, na'ura za ta ƙara masa lamba. In ana samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Wanda ya taɓa samun shanyewa, ana so ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Kuma a riƙa taɓa wuyan hannu: bugun da ba shi da tsari, yana tsalle yana tsayawa, na iya zama cutar da ke tara gudan jini a zuciya, tana ninka haɗarin kusan sau biyar, kuma ita asfirin ba ya isar ta, sai maganin tsinka jini irin su warfarin.

Malam Sani Famasi: Maganar da ta fi cutar da mutane ita ce wai in ka fara maganin hawan jini jikinka zai saba. Ba sabo ba ne, cutar ce ba ta tafiya. Mutum ya sha wata guda, ya auna ya ga 125, ya ce ya warke ya ajiye. Maganin ne ya kawo 125 ɗin. Masu dainawa saboda illa kuma, akwai mafita. Amlodipine yakan kumbura idon sawu, lisinopril yakan sa busasshen tari, duk ana iya canzawa. Yawancin mutanenmu ƙwaya ɗaya ba ta isar su, sai an haɗa biyu, kuma wannan ba alamar ciwo ya yi tsanani ba ne. Mai ƙorafin kuɗi ya tambayi marar tambarin kamfani mai lambar NAFDAC, ya kuma bincika rajistar KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna.

A kula da masu ɗaga jini a ɓoye: diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum don ciwon gwiwa, dexamethasone da 'yan mata ke sha don ƙiba, wasu magungunan mura masu buɗe hanci. Mace mai hawan jini ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu ba tata ba ce, akwai wasu hanyoyin.

Maman Ilham: Gishiri fa? Mu dai mun rage.

Sista Rabi: Hajiya, an rage na hannu an bar na dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya, na duk abin da mutum ya ci. Dunƙulen miya rabinsa ko fiye gishiri ne, sai yajin tsire, kilishi, taliyar yara da garinta. Kanwa ma sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri yana cikinta. Wannan ya shafi masu jego: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta kunun kanwa da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa. Makonni shida na bayan haihuwa lokacin haɗari ne, balle ga wadda jininta ya hau da ciki. Mai jego ta ce kanta na sarawa, tana ganin dishi-dishi, a auna ta a ranar, kada a ce jego ne. A miya a ƙara daddawa, citta, tafarnuwa da albasa, harshe yakan saba cikin 'yan makonni.

Dakta Zainab: Kada a manta da yara masu sikila. Inda ba a tantancewa, kusan ɗaya cikin goma yana samun shanyewa kafin shekara 20. Akwai gwajin da ake ɗora na'ura a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana kiransa TCD, ba allura ba ciwo, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari. Binciken SPRING da aka yi a Kano da nan Barau Dikko ya gwada hydroxyurea a kan irin waɗannan yara, kuma maganin ya zama abin dogaro inda ƙarin jini duk wata yake da wuya. Yaro mai sikila ya fara jan ƙafa ko ya daina amfani da hannu ɗaya ba tare da ciwo ba, jini yake buƙata a ranar.

Malam Lawal Rigasa: To mai shekara hamsin lafiyayye ya riƙa shan ƙaramin asfirin kullum don kariya?

Dakta Yusuf: A'a, sai likita ya ga dalili. Ga wanda bai taɓa samun komai ba, zubar jinin ciki da zai iya jawowa ta kusa cinye amfanin, in kuma jininsa a sama yake ba a daidaita ba, abin ya fi muni.

Abban Sadiq: Malam Nura, kai ne mai gashi, an sallamo mara lafiya gida. Daga ina za a fara?

Malam Nura: Daga kafaɗa, ranka ya daɗe, domin ita ake fara lalatawa, kuma masu jinya ne ke lalata ta da kyakkyawar niyya. Naman da ke riƙe kan ƙashin hannu a mazauninsa ya saki, sai a zo a kama hannun a ja don a tashe shi, ko a cusa hannu a hammata a ɗaga. Ƙashin ya zame, ciwo ya kama, daga nan ba zai yarda a taɓa hannun ba, sai ya ƙage. In za a tashe shi, a juya shi gefe, a sauko da ƙafafu daga gado, hannu ɗaya a bayan allon kafaɗa ɗaya a ƙugu. In yana zaune hannun ya hau filo ko tebur, kada ya yi lilo. In yana kwance ta gefen lafiya, filo a gaba a ɗora hannun a miƙe, wani filon tsakanin gwiwoyi. Kada a damƙa masa ƙwallo ya yi ta matsawa in yatsu sun fara naɗewa, buɗewa ce ke ba shi wuya, ita za a koya.

Kowace gaɓa a motsa ta a hankali har iyakarta, sau goma, sau biyu ko uku a yini, ban da ɗaga hannun sama da kafaɗa sai an nuna muku yadda ake yi. Amma motsawar da wani ke yi masa tana hana ƙagewa ne kawai. Abin da ke dawo da aiki shi ne shi da kansa ya yi ta maimaita abu na gaske: tashi daga kujera, ɗaukar kofi, jan carbi, shafa fuska. Watanni uku zuwa shida na farko ne aka fi samun ci gaba, shi ya sa zaman jiran sai ya ji ƙarfi asara ce. Bayan nan ma ana ƙaruwa, a hankali dai. Tausayin da ke sa a yi masa komai, a ba shi a baki alhali yana iyawa, yana mayar da shi baya.

Riga: hannun ciwo ke fara shiga, shi ke ƙarshen fita. Sanda a hannun lafiya. Matakala: ƙafar lafiya ke fara hawa, ta ciwo ke fara sauka. Silifas a ajiye shi, a sa takalmi mai kama diddige. Masan tsuguno ba zai yiwu ba, kafinta zai iya huda kujera mai hannu a sa bokiti a ƙasa.

Malam Lawal Rigasa: Gashin ruwan zafi da tawul irin na gida fa? Da masu tsaga?

Malam Nura: Ɗumi yana sassauta nama, ban musa ba. Matsalar, gefen sau da yawa ba ya jin zafi, sai a ƙona shi bai sani ba, in mai suga ne ƙunar ta zama gyambo. In za a yi, mai jinya ya gwada da gwiwar hannunsa, ɗumi-ɗumi kawai. Tsaga da ƙaho kuwa, ciwon a ƙwaƙwalwa yake, hannun lafiyarsa lau, kuma mai shan maganin tsinka jini in aka tsaga shi jinin ba ya tsayawa da wuri.

Sista Rabi: Wanda ba ya iya juyawa, a juya shi duk awa biyu, har da dare, a raba kwana tsakanin 'yan gida tun kafin mutum ɗaya ya gaji. Kullum a duba ƙashin gindi, ƙugu, diddige da idon sawu. A fatarmu ja ba ya nunawa sosai, wurin yakan yi duhu ne, ko sheƙi, ko ya fi kewaye zafi. An ga haka, kada a sake kwantar da shi a kai, kada a murza. Zanen gado a bushe, ba tattara, kuma kada ya kwanta kan leda kai tsaye.

Ciyarwa a zaune tsaf, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, ba hira. Ruwa tsinkakke ya fi ƙwarar da su, kunu mai kauri ko fate mai laushi ya fi sauƙin haɗiya. A leƙa kuncin gefen ciwo, abinci na maƙalewa a nan. Ya zauna minti talatin bayan ci, a goge baki safe da dare. In muryarsa ta koma kamar mai kurkure bayan haɗiya, a tsaya a koma asibiti. Robar ciyarwa ta hanci ba alamar an fid da rai ba ce, da yawa ana cire ta bayan 'yan makonni. Sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a matsa, gudan jini ne mai iya tafiya huhu.

Dakta Hadiza: Sai abin da ba a gani. Wanda gefen dama ya shanye shi ya fi rasa magana, kuma rashin magana ba rashin hankali ba ne. Kada a yi masa tsawa, kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, gajeriyar tambaya mai amsar i ko a'a, a ba shi lokaci. Wanda gefen hagu ya shanye kuma yakan manta da hagun gaba ɗaya, ya ci rabin kwano ya bar rabi, ya yi karo da ƙofa. A riƙa zama ta hagunsa ana jawo hankalinsa can. Kusan ɗaya cikin uku suna shiga ciwon baƙin ciki, su ƙi abinci, su ƙi gashi, a ce taurin kai ne ko rashin tawakkali. Yana da magani, a faɗa wa likita. Kuka ko dariya ba dalili ma daga ciwon ne.

Maman Ilham: Azumi fa, Dakta?

Dakta Yusuf: Wanda abin bai daɗe da samunsa ba, ko haɗiya ba ta daidaita ba, ko yake kan insulin, shawarar likita ita ce ya sha, malamai kuma sun yi bayanin rama ko ciyarwa. Wanda ya daidaita ya zo wata guda kafin Ramadan a gyara masa lokutan magani. Amlodipine sau ɗaya ne a yini, ana iya mayar da shi shan ruwa ko sahur. Maganin hawan jini mai sa fitsari a ba da shi da shan ruwa, kada ya bushe da rana a zafin Kaduna. Mai warfarin ya riƙe lokaci ɗaya bayan magariba, ya yi gwajin jininsa a makon farko, saboda canjin abinci, musamman yawan zogale da alayyahu, yana canza ƙarfin maganin.